Shanun Jarrabawa

Ni na ɓata aikin Asma'u. Ba kwamfuta ba ce, ba malamanta ba ne, ba kuma don ita mace ce ba, kamar yadda wasu suka riƙa faɗa a Kara a lokacin. Na yi mata ƙarya a kan shanu, ta ɗora aikin shekara biyu a kan ƙaryar, wani bawan Allah mai suna Buba ya rasa fiye da rabin garkensa. Ku 'ya'yana da jikokina kun ji labarin guntu-guntu, kowa da yadda aka gyara masa shi don kada ya raina ni. Ga yadda ya faru.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ina ɗan ƙarami mahaifina ya ja ni Kara, kasuwar shanun Sakkwato, a can na girma, a can na yi furfura. Na ga shekarar fari da shanu suka riƙa faɗuwa a tsaye. Sa ya taɓa karya min haƙarƙari uku, mota ta taɓa kifewa da ni da shanu a hanyar Illela, na fito da ƙafafuna. Ban tara dukiya ba. Abin da nake da shi ido ne. In na kalli saniya daga nesa na san ko ta ƙoshi, ko tana da ciki, ko wani abu yana cin ta a ciki. Dillali da idonsa da maganarsa yake ci. Mahaifina ne ya ba ni idon, kuma yana da hanyarsa ta gwada ni. Bai taɓa tambayata a kan shanun turkenmu ba. Sai ya bari baƙin shanu sun sauka daga mota, ya nuna min ɗaya da sanda.

"Bari kallon namu," yake cewa. "Namu ka san su kamar 'yan ɗakinku. Tahi ka dubo waccan da ba ka taɓa gani ba, ka hwaɗa min mi ka damunta."

In na faɗi daidai ba ya yabo. In na kuskure zan ji sanda a ƙwauri. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya hana ni fakewa da jahilci daga baya.

Sai maganar ƙanena Sani, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na koya masa dillanci. Da ya kama ƙasa ya yi turkensa, ya saba da Fulanin da ke kiwon Rahaji, jajayen nan masu dogayen ƙahoni. Ni kuwa na tsaya a kan Gudali, fararen shanunmu na gida. Wata rana na zaɓar wa wani mahauci sa, na ce lafiyarsa lau, da aka yanka aka tarar hantar ta lalace. Yana faruwa da kowa. Amma washegari a teburin mai shayi, gaban mutane, Sani ya yi dariya ya ce:

"Idon Yaya ya tsuhwa."

Aka yi dariya. Wasa yake yi, yanzu na sani. Shekara tara ban taka turkensa ba. A wurin jana'iza ko suna mukan haɗu, in miƙa masa kan yatsu in janye. Mahaifiyarku ta yi magana har ta gaji.

Asma'u ita ce autata, ita kaɗai ta yi karatu mai zurfi a gidan nan, fannin kwamfuta. Ta yi aure a Ƙofar Marke, ta koma makaranta neman babban digiri. Wata rana bayan la'asar ta shigo gida da tsohon ciki, ta zauna a tabarma da ƙyar, ta ajiye waya a gabana.

"Baba, so nike in sa idonka cikin wayar ga."

"Idona shina inda Allah ya aje shi," na ce.

Mahaifiyarku tana tankaɗe ta ce, "Ki ɗauke shi duka ki sa ciki, Auta, mu huta."

Suka yi dariya, sannan ta yi min bayani. Makiyayin da ke daji, nesa da likitan dabbobi, zai ɗauki hoto mai motsi na saniyarsa tana tsaye. In lafiyarta lau wayar ta nuna kore. In ta ga alamar ciwon huhu ta nuna rawaya, wato a ware ta, a nemi likita. Ciwon huhu shi ne mugun ciwon shanu, saniya ɗaya tana iya shafa wa garke duka. Na tambaye ta wa ya gaya wa waya yadda mai ciwon huhu ke tsayuwa.

"Ba wanda zai gaya mata," ta ce. "Nuna mata za a yi. Shanu da yawa, wagga lahiya, wagga ba lahiya, har ta kama abin da ya raba su da kanta. Amma Baba, ita ba ta san saniya ba. Abin da ya hi sauƙin kamawa shi taka kamawa. In duk marasa lahiyar da ka nuna mata suna ƙarƙashin rumhwa, sai ta ɗauka rumhwa ita ce ciwon."

"Ashe wawuya ce."

"Wawuya ce mai ƙoƙari. Shi ya sa nike son abu biyu. Na hwarko shanun koyarwa. Na biyu shanun jarrabawa, waɗanda ba ta taɓa gani ba ko sau ɗaya, baƙi daga wasu turaku. In ta ci su, ta koya. In na gida kaɗai taka ganewa, hadda ta yi. Kuma kowane kashi a samu hwarare da jajaye, masu lahiya da marasa lahiya."

Ta kalli mahaifiyarta, sannan ta ce, "Jajayen kam sai wajen Baffa Sani."

"Na ji," na ce.

Na ji kuwa, na kuma gane sarai. Tana magana ina jin sandar mahaifina a ƙwaurina. Dokarsa ce ta dawo min ta bakin jikarsa da bai gani ba.

Haihuwar ta zo mata da wahala, sai da aka yi mata aiki, ta yi watanni ba ta fita. Saboda haka ni na riƙe wayar. Ta koya min inda zan danna, da nisan da zan tsaya, da yadda zan juya wa rana baya. Na ji daɗin aikin, ba zan ɓoye ba. Tsoho da waya yana zagaya shanu, 'yan Kara suna tsokanata wai na zama ɗan jarida. Fararen shanu ba su ba ni wahala ba. Dama mutane kan kira ni in duba musu wadda suke shakka, don haka marasa lafiya sun wuce ta hannuna da yawa, kuma wani likitan dabbobi yakan zo ya tabbatar. A nan ban yi ƙarya ba. Duk wadda na ce tana da ciwo, tana da shi.

Jajaye ne matsalar. Guda uku kawai nake da su, bijimai biyu da saniya ɗaya, ina kiwata wa wani mahauci su don Babbar Sallah. Ƙosassu ne, fatarsu tana sheƙi. Sau biyu na nufi turken Sani da waya a aljihu. Na farko na juyo tun daga nesa. Na biyu na matsa har ya hango ni, ya miƙe tsaye yana kakkaɓe riga, yana shirin tarbata. Sai na karkata wajen mai goro, na sayi goron da ba na buƙata, na koma. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne in je wurin wanda ya ce idona ya tsufa in ce ina neman alfarma.

Sai na yi dabara irin ta kasuwa. Na ɗauki hoton jajayen nan uku da safe, na ɗauke su da yamma. Ta dama, ta hagu. Na canza musu igiya, na ɗaure su jikin wani bango, na wanke su na ɗauka, na shafa musu laka na sake ɗauka. Na aika wa Asma'u na ce jajaye ne daban-daban da suka sauka daga mota. Da lokacin shanun jarrabawa ya yi, su ɗin dai na sake aikawa. Tunda na fara, sai na ga fararen ma ba sai na wahala ba. Na goge fentin shaida daga gadon bayan waɗanda na riga na ɗauka, na sake ɗaukar su, na ce baƙi ne daga kasuwar Acida. Na gaya wa kaina saniya saniya ce, ciwo kuma ciwo ne. Na gaya wa kaina yarinyar ta sha wuya, ina sauƙaƙa mata ne. Ba ita nake sauƙaƙa wa ba.

Ta lura da abu ɗaya. Ta zo gida ba ta daɗe da fara fita ba, jaririn yana cinyarta, ta ce:

"Baba, na duba duka, ban ga ja ko guda mara lahiya ba."

"Rahaji ba su cika kamuwa da shi ba," na ce. "Jininsu na da ƙarhi."

Ta kalle ni. Ita kwamfuta ta karanta, ba shanu ba, kuma ubanta ne ke magana, mai shekara hamsin a Kara.

"To, kai ka san shanu," ta ce.

Mahaifiyarku 'yar mahauta ce, ta tashi tana ganin huhun shanu a faranti. Ta jira sai da yarinyar ta tafi. Tana kwashe kwanuka, ba ta ko kalle ni ba, ta ce:

"Malam, yaushe Rahaji sunka daina ciwon huhu?"

"Ki kula da tukunyarki," na ce.

Na'urar ta ci jarrabawa. Dole ta ci, tunda an nuna mata amsar tun kafin a tambaye ta. Asma'u ta kira ni a waya cike da murna, ta ce kusan duka ta gane, malamanta sun ce ba su zaci haka ba. Ta ce, "Baba, idonka na." Na yi ta yawo a Kara ina faɗa wa mutane. Ban ji kunya ba a ranar. Har na fara yarda cewa abin ya yi kyau da gaske.

Aka sa wa wasu dillalai kaɗan abin a wayoyinsu don gwaji. Sani ne na farko. Da ƙafarsa ya je Ƙofar Marke ya ce a sa masa, domin duk gabar da ke tsakaninmu bai taɓa daina ji da yarinyar ba. Ta gargaɗe su duka cewa gwaji ne, kada su ajiye idonsu, kada su daina kiran likita. Amma ni na riga na cika kasuwa da cewa wayar ba ta kuskure.

Ranar da nake son ku sani ta zo a farkon damina. Buba Bafulatani ne mai kiwon jajaye, ɓarayi sun taɓa kore masa shanu, ya yi shekaru yana sake haɗa garke ɗaya bayan ɗaya. Sani ne dillalinsa. Ranar ya zo sayen karsana, aka nuna masa wata ja mai kyan ƙira. Ina wucewa ne, tsakanina da su bai fi taku goma ba. Kallo ɗaya na yi mata. Ta sauke kai, ta miƙar da wuya, ta ɗan buɗe ƙafafun gaba, haƙarƙarinta yana aiki fiye da na mai hutawa. Ciwon bai yi nisa ba, amma yana nan. Sani ma ya ji wani abu a jikinsa, na gan shi ya zagaya ta sau biyu yana shafa bayanta. Sannan ya ciro waya. Mutane suka taru suna leƙe. Ta nuna kore. Ya koma ɗaya gefen ya sake ɗauka. Kore.

Sai ya ɗaga kai ya gan ni. Ya yi murmushi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To, idon Yaya da kanshi na cikin wayar ga, ya ce lahiya lau. Ni wa da zan musa? Ko ba haka ba, Yaya?"

Maganarsa ta farko gare ni ke nan a shekara tara. Haƙuri yake ba ni a gaban mutanen da ya kunyata ni a gabansu. Buba ya juyo yana kallona, ya rataya sandarsa a kafaɗa, yana jiran abin da tsohon dillali zai ce. Kalma ɗaya ta isa. Amma in na ce karsanar ba ta da lafiya, na ƙaryata wayar a gaban Kara duka, za a tambayi dalili, ni kuwa na san dalilin. Na gyaɗa kai na wuce. Ina jin su a bayana suna sallamawa.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi labari ya iso. Garken Buba ya kama tari. Kafin likita ya kai gare shi wasu sun mutu, wasu an yanka su a kwance. Ya zo Kara bai yi faɗa da kowa ba. Ya zauna a ƙasa gaban turken Sani, yana kiran shanun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lissafa 'ya'ya. Kasuwa ta ɗauka. Wasu suka ce dama me mace ta sani a kan shanu. Wasu suka ce 'yan boko ne suke gwaji da dukiyar talaka. Asma'u ta sa aka cire abin daga wayoyin mutane a ranar. Makarantarsu ta dakatar da aikin, aka ce sai an bincika, domin sakamakon da ya yi kyau haka a takarda ya faɗi haka a kasuwa, ana zargin ita ta ƙirƙire shi. In zargin ya tabbata, ba digirin kaɗai za ta rasa ba. Ba wanda zai sake yarda da aikin hannunta.

Sati uku na yi shiru. Takan zo gida ta zauna, ta rame, tana shayar da yaro idonta yana kan kwamfuta, tana neman laifin a cikin aikinta.

"Baba, ina na kuskure?" take cewa.

"Allah ya ƙaddara," nake cewa.

Mahaifiyarku ta daina zama in ina cin abinci. Takan ajiye kwano ta koma ɗaki.

Ina so in ce ni na je na faɗa mata da kaina. Ba haka aka yi ba. Ita ta goya ɗanta ta shiga Kara, cikin laka da kashin shanu, ana kallonta ana magana ƙasa-ƙasa, ta je turken Baffanta. Ta ɗauki hotunan jajaye iri-iri. Duk wadda ta ɗauka, kore. Har wata da ke kwance tana numfashi da ƙyar, wadda ko makaho zai ji ciwonta da kunne, kore. Daga nan ta koma ta bi hotunan da na aika mata ɗaya bayan ɗaya. Da hantsi ta shigo gida. Ina zaune a zaure. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta ajiye wayar a gabana.

"Baba, wanga sa kunnenshi na hagu a tsage yake. Wanga ma. Wanga ma, da ka ce daga Acida ya zo. Jajaye nawa ka ɗauka?"

"Uku."

"Na jarrabawa hwa?"

"Su na."

"Hwararen?"

"Har da su."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi magana kamar tana karanta takarda. Ta ce na'urar ba ta taɓa ganin ja mara lafiya ba, saboda haka abin da ta koya shi ne duk ja lafiyayye ne, tana ganin launin ta daina duba tsayuwa da numfashi. Ta ce da shanun jarrabawa baƙi ne da gaske, da tun a ɗaki za a kama wannan, babu saniyar kowa da za ta mutu. Ta ce na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka nuna mata ta koya. Sannan ta yi tambayar da nake tsoro.

"Ran da Baffa ya ɗauki karsanar Buba, kana wurin?"

"Ina wurin."

"Ka gani?"

"Na gani."

Ta gyara goyonta. Ta durƙusa ta ce, "Sai an jima, Baba," ta fita. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Kwana biyu bayan haka mahaifiyarku ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce Asma'u ta rubuta wa malamanta cewa kuskuren tattara hotuna ne, kuma nata ne, ba ta ambaci sunana ba. Mijinta ya roƙe ta ta faɗi gaskiya, ta ce ba za ta kai ubanta gaban mutane ba.

"Ta ɗauke maka," mahaifiyarku ta ce. "Kai kuma ka zauna kana cin tuwo."

Ranar kasuwa ta gaba na tafi Kara. Akwai tudun da ake loda shanu a manyan motoci, na hau kansa. Ni ba mai dogon bayani ba ne. Na ce jama'a ku saurara. Na ce wayar Asma'u ba ta da laifi, ita ma ba ta da laifi, ta ce in kawo mata baƙin shanu, na kawo mata na gida na ce baƙi ne, saboda girman kai ya hana ni zuwa wurin ƙanena. Na ce na ga karsanar Buba, na san tana da ciwo, na gyaɗa kai. Na sauko. Wani tsohon abokina ya juya min baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Sani ne ya zo ya same ni a gindin tudun. Idonsa ya yi ja.

"Yaya, taku goma na tsakaninmu," ya ce. "Da ka yahuto ni da hannu ma ya isa."

Shi ya raka ni makarantar su Asma'u. Na zauna a gaban mutum huɗu masu tabarau na sake faɗin abin da na faɗa a Kara, wani yana rubutawa. Ɗayansu ya ce ita ma ya kamata ta bincika da kanta, ba ta dogara da mutum ɗaya ba. Ta ce haka ne, ta karɓa. An wanke ta daga zargin ƙirƙira, amma aka ce aikin sai an sake shi daga tushe.

Na nemi Buba har rugarsa, da karsana huɗu Gudali, mafi kyau da nake da su. Ya fito ya dube su, ya dube ni.

"Mu jajaye muka kiwo," ya ce. "Kakana jajaye, babana jajaye. Ka mai da abinka."

Na ce ya yafe min.

"Wanda bai gani ba na yahe mishi," ya ce. "Kai ka gani."

Ya koma cikin bukka. Da kaka ta yi na ji ya tashi da sauran shanunsa ya yi yamma. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san ko ya yafe ba.

Dillanci ya ƙare min daga ranar da na hau tudun nan. Ba wanda ya kore ni. Kawai dai aka daina kirana in duba saniya. Mutumin da ya gani ya gyaɗa kai, me za a yi da idonsa? Na ci gaba da zuwa wata biyu ina zama a turke, daga baya na bar wa yayanku wurin.

Asma'u ta ƙara shekara guda da wani abu. Sani ne ya zagaya da ita, Illela, Acida, Tangaza, da rugage, suka ɗauki jajaye da farare da na Buzaye, a rana da inuwa, rani da damina. Shanun jarrabawa ita ta zaɓi kasuwar da za a ɗauko su, ba ta gaya wa kowa ba sai ranar, ta kulle hotunan ba a buɗe ba sai da koyarwa ta ƙare. Wannan karon na'urar ba ta ci kamar na farko ba, ta faɗi wasu. Asma'u ta ce wannan shi ne sakamakon da za ta iya tsayawa a kansa. Ta kuma ƙara mata abu na uku bayan kore da rawaya. In ta ga irin saniyar da ba ta saba gani ba, sai ta ce ba ta sani ba, a nemi likita. Ba a sake ba ni waya in riƙe ba. Sau ɗaya na bi su Acida, na riƙe musu igiya.

Yanzu ina gida a Ƙofar Taramniya. Yanar ido ta rufe min ido ɗaya, ɗayan ma ya fara, ko an kawo saniya ƙofar zaure sai dai in shafa ta. Sani yakan zo ranar Juma'a bayan masallaci mu ci goro, ba ma yawan magana. Asma'u ta gama karatunta. Ita ce ke rubuta wannan ina faɗa, na ce kada ta sassauta ko kalma ɗaya, ta ce ba ta yi niyya ba. Tana zuwa duk sati da yaron, tana kawo min fura, tana gaishe ni a durƙushe. In na faɗa mata wani abu a kan shanu takan ce, "To, Baba," ta rubuta, sannan ta je ta tambayi wani.